Rabi'u Fijo da Injin Motar Hodi

A bakin hanyar da ta fita Birnin Kebbi ta nufi Argungu, kafin a kai Gwadangaji, akwai wani dogonyaro wanda ƙasar gindinsa ta yi baƙi ƙirin, ko ciyawa ba ta tsirowa. Baƙin mai ne ya shanye ta. Nan Malam Rabi'u ya yi zaman kanikanci tun kafin a ba Kabi jiharta, har sunan motar da yake gyarawa ya bi shi, ana ce masa Rabi'u Fijo.

Ɗan manoman shinkafa ne. Mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, ya so ya riƙe masa gona a fadama, amma shi da ya ji ƙugin mota sai ya yar da fartanya ya bi hanya da kallo. Aka gaji aka kai shi Sakkwato wurin wani Bayarabe mai gareji. Ya daɗe yana wankin ƙarafa da kananzir kafin a yarda ya riƙe sifana. Abu ɗaya ubangidan nan ya cusa masa har ya zame masa jiki: ba a rufe inji a kan datti. Ko gefen da ido ba ya kaiwa, sai an wanke.

Lokacin da ya dawo gida Fijo ce motar gari. Ita ma'aikatan gwamnati ke hawa, ita ke jigilar mutane zuwa Jega da Yawuri da Sakkwato, ita ke kai amarya, ita ke kai mara lafiya. Gindin dogonyaron nan ba ya rabuwa da motoci a buɗe, direbobi na zaune a kan tsofaffin tayoyi suna gardama. Rabi'u ba mai yawan magana ba ne. In aka kawo mota sai ya ce a tayar, ya ɗora bakin sukurdireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya rufe ido. In ya ɗago zai faɗi abin da ke ciki, a kwance a tarar da shi. Da wannan sana'a ya yi aure, ya gina ɗakuna a Gwadangaji, ya aurar da 'ya'ya. Tafin hannunsa ya tsattsage, baƙi ya shiga tsagar ya zauna, alwalar duniya ba ta fitar da shi. Matarsa Uwa ta gaji da faɗa ta ware masa tabarmarsa daban.

Sai zamani ya juya. Motocin Kwatano suka shigo, bayansu waɗanda sai an jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu. Ya gwada koyo, idonsa ya ƙi, kunnensa kuma ba ya jin komai a jikinsu. Waɗanda ya koya wa aiki suka watse, wasu kabu-kabu, wasu gyaran keke mai ƙafa uku. Fijo ta riƙa ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. 'Yan gwangwan su zo da wutar yankan ƙarfe, su daddatsa mota su loda a tirela, a wuce da ita kudu a narkar. Gwiwoyinsa suka fara ciwo, sai ya dafa bango yake tashi daga sujada.

Mota ɗaya ta rage masa, farar a-kori-kura ta abokinsa Hodi. Hodi tsohon direba ne, da ita yake ɗauko albasa daga Aliero da shinkafa daga ƙauyukan fadama ya kawo kasuwa. Farin nata ya daɗe da komawa launin ƙasa, ƙofar fasinja da igiya ake ɗaure ta. Amma saboda ita Rabi'u yake fitowa kowace safiya da akwatin kayan aikinsa. Yau birki, gobe fulogi, jibi babu komai sai hira. In ta tafi, ya san babu sauran abin da zai kawo shi gindin bishiyar nan, sai zaman ƙofar gida da jiran kiran salla.

Bayan damina ta ɗauke motar ta fara hayaƙi, tana shan baƙin mai kamar ruwa, ba ta hawa tudu da kaya. Wata safiya aka turo ta har gindin dogonyaro. Da Hodi da babban ɗansa Mansur, magidanci mai tuƙin keke, suka zo tare.

Mansur ya durƙusa ya gaida Rabi'u, sannan ya ce, "Baba Rabi'u, don Allah ka yi mishi magana. Motar ga ta gaji, shi ma ya gaji. 'Yan gwangwan sun taya. A ba su, shi zamna gida shi huta, ni na ɗauke mishi cefane."

Hodi ya ce, "Ka ji ko? Ni za a aje gida kamar tsohuwar randa."

"Baba, ba haka nic ce ba."

"To ji nan. A ba Rabi'u ita har a haƙe albasa. In albasa ta hito ba ta tashi ba, ka kira su da kanka, ba ni cewa uffan."

Mansur ya ce ya ji. A gaban Rabi'u aka yi wannan magana, shi ne shaida.

Rabi'u ya sauke injin da taimakon masu faci na kusa da shi. Kayan ciki kuwa sai wurin Cyril, wani mutumin gabas da ya zo garin tun yana saurayi yana sayar da kayan Fijo, har Hausarsa ta koma ta Kabawa. Yanzu shagonsa cike yake da kayan babur da keke. Cyril ya shiga can ƙurya ya yi ta tone-tone, ya fito da ringi da gasket cikin kwalayen da gara ta cinye gefensu.

"Oga Rabi'u, su ke nan na ƙarshe. In ka lalata su, sai dai ka tahi lahira ka tambayi masu Fijo."

Da Rabi'u ya cire kan injin, wanda makanikai ke kira tof silinda, ya leƙa hanyoyin da ruwa ke bi yana sanyaya shi, sai ya ga duk a cushe da wani abu baƙi-baƙi, kore-kore, ya daskare kamar ƙanzo. Ya ƙwaƙulo kaɗan ya murza, ya shinshina.

"Hodi, mi kake ba motar ga tana sha?"

"Ruwa mana."

"Ruwa da mi?"

Hodi ya tura hula gaba ya sosa ƙeya. "Ɗan garin kuka. In lagireto ya fara ɗigo bisa hanya, sai in tsaya ƙauye in roƙi matan gida cokali guda in zuba, sai shi toshe. Kowa na yi."

"Kowa na yi sau guda, shi kawo a like mishi. Kai shekara da shekaru miya kake kaɗawa. Saura daddawa da tuwo."

"Ai ba ta taɓa kwana da ni daji ba."

"Ruwan hwa? Na ina kake zubawa?"

"Wanda Allah Ya hore. Tabki, gulbi, rijiya."

Rabi'u ya yi tsaki ya ja kujerarsa. Kwanaki ya yi yana tsokalar hanyoyin nan da waya, yana zuba tafasasshen ruwa a tukunyar da ya aro wurin Uwa, wadda ta ce kada ma ya dawo mata da ita. Bayansa ya ƙage, idonsa na ruwa, amma bai bari ba sai da ya ɗaga ƙarfen ya hangi hasken rana ta kowace kafa. Sannan ya sa sabbin ringi, ya wanke komai, ya ɗaɗɗaure, aka mayar da inji mazauninsa.

Aka tayar. Sautin da ya fito Hodi bai ji irinsa ba tun motar na da ƙuruciya. Ya yi ta zagaya ta yana dariya, yana cewa a kira masa Mansur ya zo ya ji. Rabi'u bai yi dariya ba, yana tsugune yana kallon ƙasa. Ɗigo ya fara sauka a ƙarƙashin motar. Can wani ya biyo ta wani gefen. Da injin ya ɗumama sai ruwa ya riƙa tsattsafowa ta jikin tof silindar kamar gumi. Ya kashe, ya zaro sandar awon mai. Baƙin man da ya zuba sabo ya koma launin kunun gyaɗa.

Ruwan tafki da na gulbi sun daɗe suna cin ƙarfen daga ciki, sun huda shi wuri-wuri. Kukar da ta daskare ita ce yaɓen da ya riƙe shi. Shi kuwa Rabi'u ya kankare yaɓen da hannunsa.

Hodi ya leƙa ƙarƙashin motar. Can ya ce, a hankali, "Da ka bar min miyata."

Suka gwada zuba sabuwar kuka, ta bi kafofin ta fice. Suka kai wa mai walda, yana ɗora wuta ƙarfen na marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Ya ce su yi haƙuri, wannan kan ya gama aiki, sai dai wani.

Rabi'u ya koma wurin Cyril. Cyril ya kira Onica, ya kira Legas, ya kira Ƙofar Ruwa a Kano. Wani ya yi dariya, wani ya ce a jira, wani ya turo kan inji ɗaya a motar haya. Da ya iso yana ƙyalli. Rabi'u ya sa farce ya kankari gefe, fenti ya tashi, ƙarƙashinsa tsaga ce aka cike da ƙaro. Aka mayar. Ya bi tsofaffin gidajen ma'aikata a unguwar Gesse, inda a da kowane gida akwai Fijo a ajiye a bayan ɗaki kaji na ƙwai a ciki. Ko'ina amsa ɗaya: 'yan gwangwan sun riga ka. Yana tafe yana hutawa a inuwar katanga. A kasuwa kuwa an fara ganin sabuwar albasa jefi-jefi.

Cyril ne ya tuna. "Tsaya. Akwai wani mutumin Argungu, Riskuwa, shina zuwa sayen fambel, igiyar fankar Fijo, kuma ban taɓa ganin shi da mota ba. Na tambaye shi, yac ce injin casar shinkafa shika juyawa da shi. Tahi ka gani. Amma mutumin da taurin kai, kuma kunnenshi ya yi nauyi, sai ka ɗaga murya."

Washegari da hantsi Rabi'u ya shiga motar Argungu. Bai sha wahalar gano wurin ba, ƙarar ce ta ja shi. Rumfar kwano ce a bayan kasuwa, mata sun yi layi da buhunan shinkafar da suka turara suka shanya, ƙaiƙayi na tashi yana sauka a kan mayafansu. A gefe ga injin Fijo an kafa shi a kan dakalin siminti, doguwar igiyar roba ta haɗa shi da na'urar casa. Ruwan sanyaya shi daga wata rufaffiyar ganga yake zuwa. Rabi'u ya buɗe ya leƙa, ruwa garau har ana ganin gindin gangar. Ya shafa tof silindar. Babu tsatsa, babu ɗigo. 

Riskuwa dogo ne, gemunsa fari da furfura da dusa. Suka gaisa da ihu. Rabi'u ya faɗi abin da ya kawo shi.

"In sayar maka da kai? In bar gangar jiki ta yi casa da mi? Dubi matan ga. Kowace da wanga aiki taka ci da ɗiyanta. Ga shinkafar rani na tahe. A'a, Malam. Sai dai in ya mutu don kanshi, rannan ka zo ka ɗauka."

Rabi'u bai ja ba. Amma hannu ya riga ya saba. Kafin ya juya ya zaro sukurdireba daga aljihu, ya ɗora a gindin injin, ya kafa kunne. Ƙarƙashin ƙarar casa da hayaniyar mata ya ji wani bugu mai nauyi, can ƙasa, kamar ana daka a gida na uku. Ya matsar da ƙarfen gaba ya sake saurare. Sandar da ke juyawa a cikin gindin injin ta ci, ta fara dukan mazauninta. Ya san wannan bugun. Injin da ke yin sa ba ya ganin ƙarshen wata yana aiki. Wata rana ana cikin casa zai yi ƙara guda ya fasa cikinsa ya tsaya. Kan kuwa babu abin da zai same shi.

Ya mayar da sukurdireba aljihu. Riskuwa ya ce, "Lafiya lau shike, ko?" Daidai nan aka kira azahar. Rabi'u ya ce bari ya yi salla.

Bayan an sallame mutane suka watse, shi ya zauna ya miƙe ƙafafunsa da suka kumbura. Ba a ce ya yi ƙarya ba, ba a ce ya taɓa kayan kowa ba. Abin da ake bukata kawai ya shiga mota ya koma gida ya jira. Mai injin da bakinsa ya ce in ya mutu a zo a ɗauka. Mansur yaro ne mai kunya, in aka roƙe shi 'yan kwanaki zai ƙara. Daga inda yake zaune yana jin ƙugin injin an sake tayar da shi, kuma yanzu da ya san bugun na nan, sai ya zama shi kaɗai yake ji. Allah ne Ya san abin da ya gudana a ransa. Ya dai dafa bango ya tashi, bai nufi tasha ba.

"Riskuwa, kashe injin ga."

"Mi?"

"Kashe shi nic ce!"

Aka kashe. Matan suka fara guna-guni. Rabi'u ya sa aka kawo tsohon kwano, ya kwance mazubin baƙin mai ya tara kaɗan, ya fita da shi rana. Garin ƙarfe na walƙiya a ciki. Ya bayyana masa komai: in ya ci gaba da aiki, kafin shinkafar rani ta iso ba shi da inji.

Riskuwa ya zauna a kan buhu. "Inna lillahi. To mi ab abin yi?"

"Sai wani gindin. Wanga ya wuce gyara, ko an kai Sakkwato."

"Ina aka samu?"

Rabi'u ya kawar da kai. Riskuwa ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Kunnensa da nauyi, amma ba wawa ba ne.

"Kai da ka zo neman kai, ai gindi gare ka."

"Ba nawa ba na. Na abokina na."

"To gaya mishi. Ni kai, shi gindi. Inji guda za shi hita, ba biyu ba. Ni kuma ba ni rufe wurin ga."

A hanyar dawowa Rabi'u bai ga komai ba, ko gonakin Ambursa. Da la'asar ya tarar da Hodi zaune a kan taya kusa da motarsa. Ya faɗa masa duka, har da abin da zai faru da ya kama bakinsa.

Hodi ya miƙe. "Wa ya aike ka? Kai ka tahi nema ko duba mara lahiya? Motata ka wanke ta mutu, yanzu ka tahi ka raya ta wani!"

"Haka na."

"Haka na? Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Da ka ga matan, Hodi."

"Ni ba ni da mata? Ba ni da jikoki?" Ya kaɗa riga ya tafi, ko sallama babu.

Albasa ta cika kasuwa, har ƙanshinta na kaiwa bakin titi. Mansur bai kira kowa ba, ya yi kamar ya manta. Rabi'u na fitowa kullum ya zauna kusa da motar, Hodi bai zo ba. Ya ƙara zagayawa wurin Cyril, Cyril ya buɗe hannuwa. Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci Mansur ya tsaya da kekensa a gindin dogonyaro, ya gaishe shi, ya ce Baba ya ce a kai wa mutumin Argungu injin, su sun daidaita ta waya. Sauran motar kuma 'yan gwangwan na zuwa ɗauka gobe.

Rabi'u bai tsaya ganin yankan ba. Tun da sassafe ya sa aka ɗora gindin injin a bayan wata mota, ya zauna kusa da shi yana riƙe da igiya har Argungu. Ya yi kwanaki yana kai da komo kafin ya haɗa su. Ya wanke kan Riskuwa, ya ɗora a kan gindin Hodi, ya ɗaure kusoshi bi da bi yadda aka koya masa. Da aka tayar matan suka yi guɗa, wata ta cusa masa ƙullin shinkafa ya kai wa iyali. Ya karɓa ya yi godiya, ya nemi wuri ya zauna.

Yanzu mai sayar da kankana ne a gindin dogonyaron. Akwatin kayan aikin Rabi'u na ƙarƙashin gadon Uwa. Lokaci-lokaci Riskuwa kan aiko a canza mai ko a duba fulogi, sai ya shirya ya tafi, ya dawo da dusa a hula. Sauran kwanaki yana ƙofar gida da carbi.

Hodi ya daɗe ba ya bi ta layinsu. Sai a wata jana'iza suka haɗu, aka dawo daga maƙabarta tare, tsofaffi a baya saboda ba su iya sauri. Sun yi tafiya mai nisa kafaɗa da kafaɗa. Dab da za su rabu Hodi ya ce, idonsa na kan hanya, "Injin nan, shina tashi da kik guda?"

"Da guda."

"To."

 Hodi ya ce a gaida Uwa, ya karya kwana ya nufi gida.